Tabo Ne ko Kumburi? Labarin Hantar Wata Malamar Makaranta

Malama ce ta ce in rubuta wannan, da sharaɗin kada in kama sunanta ko na garinsu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin da ake duba masu ciwon hanta, ni nake kwantar da mutane in auna musu taurin hanta da na'ura, shi ya sa ta ce bakina zai fi nata iya jera abin daki-daki. Labarin nata ne, ni shaida ce kawai.

Tana koyarwa a makarantar firamare, shekarunta 34 a lokacin, da 'ya'ya uku. Abin ya faro mata da kasala irin wadda barci ba ya wankewa, ta tashi da asuba kamar wadda ta kwana tana daka. Sai ciwon gaɓoɓi, sai abinci ya fita ranta, sai al'ada ta ɗauke wata biyu alhali babu ciki. Aka yi maganin zazzaɓin cizon sauro har sau biyu, aka yi na taifot. Ranar da abokiyar aikinta ta ce mata, "Malama, kin kuwa duba idonki a madubi?" ranar ta san shawara ta fito. Fitsari ya koma kalar shayin da ba a sa wa madara ba. A gida aka haɗa jiƙo, ta sha kusan mako uku, ido sai ƙara rina yake.

A asibitin farko an yi abin da ya dace, aka nemi ciwon hanta nau'in B, wanda shi ya fi yawa a wajenmu, aka nemi nau'in C. Duk babu. Amma gwajin aikin hanta ya nuna ALT 780 da AST 620, alhali iyakarsu a takardar 40 ce. Waɗannan sinadarai ne da ke cikin ƙwayoyin hanta, in ƙwayoyin suna fashewa sai su malalo cikin jini. Hanta na cin wuta ke nan, ba a dai san wa ya kunna ba.

Maigidanta ya ji labarin wata na'ura mai suna FibroScan, wadda ke gaya wa mutum ko hantarsa ta lalace ba tare da an huda shi ba. Suka yi sammako zuwa birni, suka karya da ƙosai da kunu a tasha, cikin awa guda tana kwance a wata cibiya mai zaman kanta. Babu wanda ya tambaye ta ko ta ci abinci, babu wanda ya nemi ganin takardar gwajin jininta. Na'ura ta ba da 27. Takardar da aka miƙa mata na da zane mai launuka, kibiya ta tsaya can ƙarshen ja, an rubuta F4, wato matakin ƙarshe na tabon hanta. Mai auna ta ya ce hanta ta riga ta ƙandare, sai addu'a. Ta koma gida ta tattara basussukan da ake binta ta biya, ta kira yayarta ta ba ta amanar yara. Wata guda ta yi tana jiran mutuwa.

Wannan 27 ɗin ita ce dalilin rubutun nan, don haka bari in tsaya a kanta.

Na'urar ta kamfanin Echosens ce na Faransa, ta fito a 2003. Ba tabo take gani ba, tauri take aunawa. Kan na'urar na ɗan bugun fata tsakanin haƙarƙari, bugun ya tura girgiza cikin hanta, sai sautin da kunne ba ya ji ya bi girgizar yana auna saurinta. Ka tuna igiyar shanya: in an ɗaure ta tam ka kaɗa gefe ɗaya, nan take motsin ya kai ɗaya gefen, in kuwa sako-sako take sai ya tafi a hankali. Haka hanta take, gwargwadon taurinta gwargwadon saurin girgizar. Ana ba da sakamakon da ma'aunin kilofaskal, kPa a takarda, kuma na'urar na kaiwa har 75. Lafiyayyar hanta kan tsaya wajajen 5.

Matsalar ita ce ba tabo kaɗai ke sa hanta tauri ba. Duk wanda ya taɓa yin maruru ya san yadda gefensa ke yin tauri kamar dutse, alhali ba tabo ba ne, kumburi ne, in ya fashe ya warke sai wurin ya saki, sannan a ga ainihin abin da ya bari. Hantar da ALT ɗinta ya kai 780 haka take, cike da kumburi. Abinci ma na ƙara lambar, domin bayan cin abinci jini na kwarara daga hanji zuwa hanta ya cika ta, shi ya sa ake son mutum ya yi aƙalla awa 3 bai ci komai ba. Ciwon zuciya da ke sa jini ya taru a hanta na ɗaga ta, toshewar hanyar ruwan matsarmama na ɗaga ta, shan giya kwanan nan ma haka. Malama ta je da biyu daga ciki, kumburi mai tsanani da cikin da ke ɗauke da ƙosai. Harafin F da ke jikin takardar kuwa, fassara ce da ake yi wa lambar, kuma iyakokinta na sauyawa daga cuta zuwa cuta. In ba a san cutar da mutum ke da ita ba, da wane ma'auni aka fassara?

Da ta iso wurinmu, likita ya ajiye takardar FibroScan gefe, ya fara da tambayoyi: wane magani ta sha, na asibiti da na gargajiya, ko akwai mai ciwon maƙoƙo ko na gaɓoɓi a dangi, ko ta taɓa wanka a rafi ta yi tsargiya. Sannan ya rubuta gwaje-gwajen da ba a yi mata ba. IgG, wato sinadarin garkuwar jiki da ke yawo a jini, ya fito giram 28 a lita, alhali iyakarsa wajen 16 ce. ANA da SMA, alamun cewa garkuwar jiki ta juya wa mai ita baya, duk sun fito. Aka sake tabbatar da babu B babu C.

Sunan cutar ciwon hanta na garkuwar jiki, likitoci kan rubuta AIH a kati. Sojojin jiki da aka yi su don su yaƙi ƙwayar cuta su ne ke afka wa ƙwayoyin hanta. Ba a ɗaukarta daga wani, ba a shafa wa miji ko yara, kuma wannan ce maganar farko da ta sa Malama kuka, don ta riga ta ware kofinta da kwanonta a gida. Wani likita ɗan Suwidin, Jan Waldenström, ya bayyana ta a 1950 a jikin 'yan mata. Kusan kashi uku cikin huɗu na masu ita mata ne, kuma kusan ɗaya cikin uku na manya, kafin a gano ta hanta ta riga ta kai matakin ƙarshe na tabo. Tsoron Malama ba na banza ba ne. Lambar ce kawai ba ta isa hujja ba.

Likita ya ce sai an ɗebo ɗan tsokar hanta da allura. Ta ce, "Likita, ai don gudun wannan muka je aka yi na'ura." Ya yi mata bayani cewa a wannan cutar, a farkon lamari babu abin da ke maye gurbin allura, domin sai an sa tsokar a madubin likita ake ganin irin ƙwayoyin da suka yi wa hanta dafifi, a bambance ta da illar magani ko jiƙo, a kuma ga tabon da ido. Aka duba filatilet, wato ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, suka fito 190,000, aka duba saurin daskarewar jini, aka kashe wurin da allura, aka shiga tsakanin haƙarƙarin dama da taimakon hoton sikanin. Abin da aka ciro bai fi zaren tsintsiya kauri ba, tsawonsa santimita 2. Ta kwanta kan ɓarin dama na awa biyu, muna duba bugun jini, ta yi ƙorafin ciwo a kafaɗar dama, wanda sananne ne, da yamma ta tafi.

Sakamako ya nuna kumburi mai yawa, tabo kuma mataki na 3. Matakan daga 0 ne zuwa 4. A na 3 tabon ya fara miƙa gada daga wannan sashe zuwa wancan, a na 4 ya zagaye naman hanta ya mayar da shi ƙulli-ƙulli. Tana bakin rami, amma ba ta faɗa ba.

Kafin a fara magani an ɗauki hoton ƙirji don tarin fuka, an duba suga da hawan jini, an duba ko ta taɓa yin nau'in B ya kwanta a jiki, domin maganin da ke danne garkuwa na iya tayar da waɗannan. Nauyinta kilo 58. Aka fara da firednisolon miligiram 40 kullum da safe bayan karin kumallo, ana rage shi sannu a hankali. Bayan mako biyu, da shawarar ta fara sauka, aka ƙara azatiyofirin miligiram 50, daga baya aka kai shi 100. Shi wannan yakan rage ƙwayoyin jini, don haka a makonnin farko ana gwajin jini a kai a kai. Fuskarta ta yi zagaye, mutane na yi mata barka da ƙiba, ita kuwa ta san aikin magani ne.

A wata na biyu ido ya washe, ALT ya sauko ƙasa da 100. Ta same ni a ɗakin na'ura ta ce, "Sista, don Allah ki ɗora min abin nan ko hankalina zai kwanta. Wannan 27 ɗin ita nake gani in na rufe ido." Na ce, "Malama, ki yi haƙuri, in na auna ki yau ƙarya zan ba ki, ko da kuwa mai daɗi ce." Jini na riga naman hanta hucewa, ALT kan sauka alhali kumburin na nan a ciki. Likitoci a Hamburg ta ƙasar Jamus sun wallafa bincike a 2016 a kan masu wannan cutar, suka gwada lambar na'ura da abin da allura ta nuna. Waɗanda aka auna cikin wata uku na farkon magani, lambarsu kumburi take bi. Waɗanda suka kai wata shida, lambarsu tabo take bi, kuma a wurinsu 16 ce iyakar da ta fi raba mai mataki na 4 da wanda bai kai ba. Ƙungiyar likitocin hanta ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2019, ita ma ta ce a jinkirta wannan awon sai magani ya yi aƙalla wata shida yana aiki. Ba ta ji daɗin maganata ba, amma ta haƙura.

Ranar awon ta faɗo cikin watan azumi, wanda ya sauƙaƙa mana, don da ƙarfe sha ɗaya na safe babu tambayar ko an ci wani abu. Wata bakwai ke nan da fara magani, ALT 28, AST 30, IgG ya dawo daidai. Ta kwanta rigingine, ta ɗaga hannun dama ta sa a bayan kai, ta ɗan karkata ƙafafu zuwa hagu don haƙarƙarin dama su buɗe. Na lalubo gurbi tsakanin haƙarƙari biyu, a layin da ya sauko daga hammata, daidai tsayin ƙarshen ƙashin ƙirji. Na shafa man sikanin, na kafa kan na'urar a miƙe, ba a karkace ba. Allon na nuna ko matsin ya yi daidai, in ka danna da yawa ko ka sassauta ba za ta buga ba. Kowane bugu kamar a ɗan ɗalle ka da yatsa ne, babu zafi.

Ana buƙatar bugu 10 masu kyau a wuri ɗaya, sai na'ura ta ɗauki na tsakiyarsu. Akwai wata lamba ta biyu da mutane ba sa kallo, alhali ita ce ke faɗin ko awon abin yarda ne, an rubuta ta IQR/Med. Tana nuna yadda bugu goman suka yi nesa da juna. In ta wuce kashi 30 cikin 100, musamman in lambar taurin na da yawa, awon na da rauni, a sake. Abubuwan da ke ɓata shi ƙanana ne: kai ya hau kan ƙashi, ko ya yi sama kusa da huhu, ko ya faɗa kan babbar jijiya, ko mutum na magana yana motsi. Girman kan ma da muhimmanci. Akwai M na yawancin manya, akwai XL na wanda kaurin fata da kitse zuwa hanta ya wuce santimita 2.5. In aka auna mai jiki da M, lambar kan fito sama da gaskiya. Mai ruwa a ciki kuwa, girgizar ba ta ratsa ruwa, na'urar ba ta yi masa aiki. Fa'idarta a kan allura ita ce yankin da take aunawa, faɗin santimita 1 da tsawon 4, ya ninka abin da allura ke cirowa kusan sau ɗari, ga shi ana iya maimaitawa duk shekara.

Lambar Malama ta fito 11.8, IQR/Med kashi 12. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Sista, hantar ce ta warke haka?" Na gaya mata gaskiya: yawancin abin da ya sauka daga 27 kumburi ne da abinci, ba tabo ba. Wannan 11.8 ita ce lambarta ta farko ta gaskiya, ta kuma yi daidai da abin da allura ta gani. Daga ita za a fara lissafi.

Ta yi mata wani amfanin nan take. Mai tabo da yawa ana zura masa kyamara ta baki a duba ko jijiyoyin maƙoshi sun kumbura, don su ne ke fashewa a yi aman jini. Taron masana da ake yi a Baveno ta Italiya ya amince a 2015 cewa wanda taurin hantarsa ke ƙasa da 20, filatilet ɗinsa kuma sama da 150,000, ana iya ɗaga masa wannan kyamarar a sake duba lambobin bayan shekara. Nata 185,000 ne, saifarta a sikanin ba ta girma ba, likita ya ce ba sai an yi ba.

Wani zai ce, inda babu na'urar fa? Akwai lissafi biyu da ake yi da gwajin jini kawai, APRI da FIB-4, kuma likitocinmu sun saba da APRI saboda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi ga masu nau'in B a wuraren da kayan aiki suka yi ƙaranci. Amma dubi abin da suka yi da Malama. FIB-4 shi ne shekaru sau AST, a raba da filatilet sau tushen ALT, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da ALT. Lokacin da take cikin ciwo ya ba da kusan 4, sama da 3.25 da ake ɗauka alamar tabo mai yawa. Bayan wata bakwai ya ba da kusan 1.1, ƙasa da 1.45 da ake ɗauka alamar babu damuwa. APRI ya faɗo daga 8 zuwa 0.4. Hanta ɗaya ce, tabo mataki na 3 na nan daram, lissafin AST kawai yake bi. An gina su ne a kan masu nau'in C, a wannan cutar kuwa suna tsoratarwa a farko, su yi rarrashin ƙarya daga baya. A ganina abin da ya fi su amfani a ƙaramin asibiti shi ne a riƙa bin filatilet da girman saifa shekara bayan shekara, tare da tuna cewa azatiyofirin ma na iya rage filatilet. Wasu injinan sikanin na zamani na auna tauri, injin MRI ma na yi, amma lambobinsu ba ɗaya ba ne da na FibroScan, ba a jera su a layi ɗaya a ce an samu sauƙi ko an ƙara lalacewa.

Shekara ta zagayo, lambar ta zama 9.4. Tabon hanta na iya ja da baya in aka kashe wutar da ke haifar da shi, kuma a wannan cutar kashe wutar na nufin ALT da AST da IgG duk su zauna daidai, ba ɗaya ya sauka ɗaya na sama ba.

Sai ga tuntuɓe. Kuɗin magani ya yi nauyi, jiki ya yi daɗi, 'yan uwa na cewa wanda ya warke me zai yi da ƙwaya kullum. Ta ajiye azatiyofirin wata uku ba ta gaya wa kowa ba. Kasala ta dawo, ALT ya hau 240, IgG ya bi shi. Ta zo tana sunkuyar da kai, ta ce in auna ta a ga ɓarnar da ta yi. Ban auna ba, saboda dalilin farko: hanta a kumbure take, lambar za ta firgita ta a banza. Likita bai yi mata faɗa ba, ya ce yawancin waɗanda suka daina maganin nan ciwon na dawo musu, ya mayar da firednisolon, aka sake ƙirga wata shida. Da aka auna, 10.9. An yi asara, amma ba ta koma gidan jiya ba. Shekarar da ta biyo baya ta samu 8.3.

Na'urar na ba da wata lamba mai suna CAP da ke nuna kitsen hanta, muna kallonta a wurin Malama saboda firednisolon na sa ƙiba da suga. Abin da na'urar ba ta yi shi ne gano kansa. Wanda ya kai mataki na 4 sai ya riƙa yin sikanin duk wata shida, ko da lambar taurinsa ta sauka, kuma saboda inda Malama ta faro likita ya sa ta a wannan tsarin. Ta tambaye shi yaushe za ta rabu da magani. Ya ce ba a ma tayar da zancen sai gwaje-gwaje sun yi aƙalla shekara biyu suna daidai ba tangarɗa, kuma sau da yawa sai an sake allura, domin kumburi kan ɓuya a ƙarƙashin jini mai kyau, na'ura kuwa ba ta iya rantsuwa a kansa. Ga mai tarihin tabo irin nata, ya fi son ta zauna a kan azatiyofirin.

Yanzu tana zuwa da littafin rubutu irin na 'yan ajinta, ta ja masa layuka da rula: kwanan wata, ALT, AST, IgG, filatilet, kPa, IQR/Med, girman kan da aka yi amfani da shi, da awa nawa ta yi ba ta ci ba. Ta manna takardar nan mai 27 a bangon ciki, ta rubuta a ƙasanta da jan biro, "Na ci ƙosai, ALT 780." Tana yin gwajin jini mako guda kafin ranar awo, in ALT ya ɗaga sai ta kira a ɗage ranar. Awonta na gaba bayan babbar salla ne, da ƙarfe tara na safe, ta ce za ta taho da karin kumallonta a kula ta ci in mun gama.